Littafin da Na Yanka Gida Huɗu

Ni ce mai reza a ɗakinmu. A makarantar kwana ta 'yan mata da na yi a bayan garin Jos, kowace da abin da aka san ta da shi. Akwai mai kitso, akwai wadda ta iya raba gari da ƙuli ba tare da an yi faɗa ba, ni kuwa aikina yanka littafi. Idan wata ta dawo daga hutu da littafin labari, ba a barin ta ta karanta ita kaɗai, mu talatin muna haɗiyar yawu. Sai a miƙo mini. In kifa shi a kan akwati, in bi ƙashin bayansa da reza, in raba shi gida huɗu. Mai littafi ta fara da kashi na ɗaya, in ta gama ta miƙa wa ta bayanta, ta ɗauki na biyu. Kafin mako ya ƙare mutum huɗu na karatu a lokaci guda. Idan ya gama zagaye ɗakin sai in haɗa shi in ɗinke da zare ruɓi biyu. Mahaifina tela ne a unguwar Dutse Uku, tun kafin in kai tsayin kekensa na iya ɗinkin hannu, kuma ban taɓa mayar wa wata littafinta da shafi a juye ba. Ina alfahari da wannan, ba zan ɓoye ba.

Ni ce kuma mai tsara layi. A bayan littafin lissafina nake jera sunayen masu karatu, kowace da ranarta, kuma abin da na rubuta shi ne doka.

Muna aji uku na samo littafin da ya jawo duk abin da zan faɗa. Ranar sayen kayan komawa makaranta ce, mahaifiyata na can tana cinikin sabulu a Taminus da ke tsakiyar Jos, ni kuma na tsuguna gaban masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, gefen kasuwar da ta ƙone. Littafin ba shi da bango, ruwa ma ya taɓa jiƙa gefensa har ya kumbura. Da Turanci aka rubuta shi. Labarin wasu 'yan mata uku ne a makarantar kwana irin tamu, sai dai a ƙasar da ƙanƙara ke zuba. An sace agogon bangon ɗakin karatunsu, malamai sun rasa yadda za su yi, su kuma suka ɗauki littafin rubutu da fensir suka shiga bincike. Tambaya biyu suke yi a kan kowa: wa ya samu dama, wa ke da dalili?

Littafin nan ya haukata ɗakinmu. Ni kam ya fi hawa kaina, don tun ina kashi na biyu na naɗa kaina mai bincike, na naɗa ƙawata 'yar unguwar Kwararafa mataimakiya. Mun gano silifas ɗin wata da kare ya ja bayan famfo, mun gano mai lasar madarar mutane da cokali. Nasara biyu kacal, amma kaina ya kumbura har ƙawar tawa ta koma kira na oga.

Ita wannan ƙawa tawa tana da wata muguwar ɗabi'a: ƙarshen labari take fara karantawa. Dokar ɗaki ta hana, ni ma na san ta hana, tunda ni na kafa ta. Amma ranar wata Asabar ta yi ta naci.

"Haba oga, dubawa kawai zan yi in dawo miki da shi. Ba zan gaya wa kowa ba, wallahi."

Na ba ta kashi na huɗu alhali ni kaina ban buɗe shi ba.

Ranar Asabar ranar wanki ce. Bayan kicin akwai wasu manyan duwatsu masu faɗi, a kansu muke shanya kaya, mu kuma mu kwanta kusa muna shan rana saboda sanyin garin. A can ta hau da takardun. Shafi biyu ta karanta aka buga ƙararrawar abinci, kuma duk wadda ta yi makarantar kwana ta san ba a wasa da wannan ƙararrawa. Ta danne takardun da ɗan dutse ta ruga. Da ta dawo, ga ɗan dutsen can gefe, takardu babu.

Mutum talatin, kowace ta ƙwallafa rai a kan sanin wanda ya sace agogo, sai ga ƙarshen labari ya yi ɓatan dabo. Har da masu kuka. Aka juyo kaina, tunda ni na karya doka. Ni kuwa maimakon in sunkuyar da kai in ba da haƙuri, sai na ɗauko littafin rubutu da fensir. Na ce su ba ni kwana biyu.

Akwai wata yarinya a gadon bakin ƙofa, inda iska ta fi shigowa. 'Yar Fulani ce, daga wata ruga can bayan duwatsu, ta shigo makarantar a makare, ta girme mu da kamar shekara biyu. Ba ta da yawan magana. In malami ya tashe ta karatu a aji takan yi ta tuntuɓe da kalmomin Turanci har a fashe da dariya, ni ma ina cikin masu dariyar. Na rubuta sunanta a saman shafi, na shiga jera hujjoji. Ita ce ta ƙarshe da ta sauko daga kan dutse, don kullum ita ce ta ƙarshe a layin abinci: ga dama. In muna karatu takan zauna a bakin gadonta ta zuba mana ido ba ƙiftawa: ga dalili, hassada. Sannan akwatinta kullum a kulle, makullin a wuyanta. Na ja layi a ƙasa na ce bincike ya ƙare.

Ranar Litinin bayan an tashi daga aji na tara ɗaki, yadda 'yan matan littafin suke tara mutane. Na tsaya a tsakiya na karanto hujjojina ɗaya bayan ɗaya, ina jin daɗin muryata. Na ce ta buɗe akwatinta. Ta dube ni, ta dubi sauran. Ta ciro makullin daga wuyanta ta miƙo mini, wato in buɗe da kaina.

Na buɗe. Zannuwa biyu ne a ninke, da kwalbar man shanu, da wani ƙaramin ƙamus da ya tsufa har an ɗaure shi da roba. Sai littafin rubutu cike da kalmomin Turanci, kowace da ma'anarta a gefe da ƙananan haruffa. Na zazzage komai a kan gado, na girgiza zannuwan. Babu kashi na huɗu.

Da ina da hankali, a nan zan tsaya. Sai na ce, "Ta ɓoye shi a wani wuri ne." Kalma bakwai, kuma su suka yi ɓarnar. Daga ranar suna ya bi ta. In ta shigo ɗaki sai ka ji ana rufe akwatuna. A bakin famfo ana janye bokiti daga kusa da nata. 'Yan wasu ɗakunan da ba su ma san da littafin ba suka ji cewa akwai ɓarauniya a ɗakinmu, kuma duk cokalin da ya ɓata tun farkon zango aka ɗora mata. Ranar Laraba shugabar ɗaki ta gaya mana abin da yarinyar ta faɗa mata: ranar ziyara mahaifinta zai zo, za ta bi shi, ba za ta dawo ba. Saura kwana goma sha ɗaya.

Zan faɗi gaskiya, ba tausayi ne ya fara tashi na ba. Akwatin nan da na tarar ba komai ne ya tsaya mini a rai, don na tsani a ce na yi kuskure. Na ci alwashin sai na nemo takardun, ko dai in tabbatar da maganata ko in san inda na kauce. Amma kwana biyu ina wucewa ta gaban gadonta ina ganin yadda ta daina ɗaga kai, sai alwashin ya canja. Na san yarinyar da ke kwafe kalmomi haka, ɗaya bayan ɗaya, ba a banza ta zo makaranta ba, kuma ni ce zan kore ta.

Babu inda ban duba ba. Na bi kwatar bayan kicin da sanda har inda ta fita katanga. Na leƙa tsakanin duwatsu, ƙadangaru na kallo na. Na tambayi maigadi ko ya ga takarda, ya ce shi mutane yake gadi. Na zargi awakin da ke tsallako shinge, har kashinsu na tsaya na duba, abin kunya. Na zana taswirar wurin a littafina, na sa alama a inda kowa ta shanya kayanta. Ƙawata ta bi ni kwana huɗu sannan ta gaji.

"Oga, abeg ki bar maganar nan. Iska ta kwashe, shi ke nan. Ita ma yarinyar ai ba a riƙe ta ba, in tana so ta zauna mana."

Na ce mata ta koma ɗaki, zan ci gaba ni kaɗai. Mun yi kwana uku ba ma magana.

Yawon nan ya sa na riƙa makara a karatun yamma, har aka gaji da ni aka ba ni horo: wankin tukwane a kicin ranar Alhamis. Saura kwana uku ke nan a zo ziyara, ni kuma ban da komai a hannu sai taswira.

Babbar mai girkinmu wata dattijuwa ce da kowa ke kira Iya. Iyayenta sun zo Jos tun zamanin haƙar kuza, ita kuma ta tsufa a gaban murhun makarantar. Ban taɓa sa ta cikin lissafina ba, don a littafin da na karanta masu girki ba sa yin komai sai kawo shayi. Ina durƙushe ina kankare ƙanzon tuwo a ƙofar kicin sai iska ta koro wata 'yar takarda, yagaggen shafin jarrabawar wata, ta yar da ita kusa da kwata. Iya na tafe da itace a hannu. Ta ajiye itacen, ta dafa gwiwa ta sunkuya da ƙyar, ta ɗauki takardar ta kaɗe ta a zaninta. Sannan ta yi ɗage ta cusa ta a wani rami tsakanin bango da kwanon rufi, ta ɗauki itacenta ta wuce.

Na san wannan sunkuyon. Kakata ta wajen uba haka take yi a Dutse Uku. Ba ta iya wuce takarda mai rubutu a ƙasa, ko da ta naɗin sabulu ce, sai ta ɗauka ta soke ta a jikin katanga. Ina ƙarama har kunya nake ji in muna tafiya tare, in yi gaba kamar ban san ta ba. Abin da na tashi ina gani kullum ke nan a ƙofar gidanmu, amma kwana goma sha biyu ina neman mai dalili da mai hassada, bai taɓa faɗo mini a rai ba.

Na wanke hannu na bi ta. "Iya, sannu da aiki. Don Allah takardun nan da kike sawa a sama, na me ne?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta amfanin gishiri. "Rubutu ne fa, 'yar nan. A bar shi a ƙasa ana takawa?"

"Ai na boko ne, Iya. Turanci ne."

"To ni na san abin da ke ciki? Wataƙila da sunan Allah a wani wuri. Su Turawan ba sa ambaton sa ne? In ramin ya cika in ƙone su wuri mai tsabta, in binne tokar."

Na tambaye ta yaushe ta ƙone na ƙarshe, ta ce ba ta riƙe ba, an ɗan kwana biyu. Na roƙi izini, na jawo turmi na kifa, na hau na zura hannu har kafaɗa. Na riƙa zaro su: takardun jarrabawa, guntun jarida, wasiƙar wata zuwa ga mahaifiyarta, har da shafin littafin waƙoƙin coci, duk hayaƙi ya mayar da su ruwan ƙasa. Can ciki yatsuna suka taɓa wani abu mai kauri. Tun kafin in fito da shi na gane yankan rezata a gefensa.

"Wannan ai a bakin kwata na tsince shi ranar wanki," in ji Iya. "Iska ta jefo shi daga kan dutse. Naku ne? Ku dai yaran nan ba ku san darajar rubutu ba."

Ina tsaye a kan turmi da ƙarshen labarin a hannuna. Buɗe shafin ƙarshe kawai zan yi in san wanda ya sace agogon da ya hana ni sukuni. Wallahi na so. Amma na ji ban cancanta ba, sai na tura shi cikin hijabi na koma kan tukwanena.

Ranar Juma'a da la'asar na bi gado gado na karɓo sauran kashi ukun, na ce gyara zan yi. Na zauna bayan ɗaki na jera su, na huda da allura, na ɗinke da baƙin zare, ɗinkin da ko mahaifina ba zai kushe ba. Na yi masa bango da kwalin sukari. Kashi na huɗu ya fi sauran duhu, yana ƙaurin hayaƙi.

Da safiyar Asabar, bayan an gama duba tsabtar ɗaki, na sake tsayawa a tsakiya, daidai inda na tsaya wancan karon. Na faɗi komai: yadda iska ta jefar da takardun, yadda Iya ta tsince su, inda na same su. Na ce yarinyar gadon bakin ƙofa ba ta ɗauki komai ba, ni na yi mata ƙazafi, kuma duk wadda ta ƙara kiran ta da wancan suna ta zo ta kira ni maƙaryaciya tukuna. Na zaci za a yi tsit. Ina! Dariya aka kwashe da ita saboda Iya, sannan hannaye suka miƙo ta ko'ina, kowa na cewa ita za a fara ba. Ko mutum biyar ba su waiwayi bakin ƙofa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, duk da na san ni na koya musu.

Na ratsa su na je gadonta. Ta riga ta ɗaure katifarta da igiya, akwatin na ƙasa a shirye. Na durƙusa na ce ta yafe mini don girman Allah. Ta kalli littafin da ke hannuna, ta yi magana a hankali, ba tare da ɗaga murya ba.

"Kin ce na saci ƙarshe. Me zan yi da ƙarshe? Ko na farkon ba ku taɓa ba ni ba."

Na koma gadona na buɗe bayan littafin lissafi, ko da yake na san abin da zan gani. Suna ashirin da tara, da rubutun hannuna. Na littafin da ya gabata ma ashirin da tara, haka wanda ya gabace shi. Ba wanda ya ce in cire ta. Ni na yanke cewa Turancinta ba zai kai ba, ban kuwa taɓa tambayar ta ba. Kallon da take mana daga bakin gado, wanda na rubuta a matsayin hassada, jiran layi take yi.

Na dawo na ajiye littafin a kan katifarta, dukansa, a ɗinke. Ɗaki ya ɗauki hayaniya, har da ƙawata 'yar Kwararafa. Na ce littafina ne, na bayar, mai jin haushi ta je Taminus ta nemo nata. Yarinyar ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma taɓa shi ba sai da na bar wurin.

Washegari, ranar ziyara, aka buɗe ƙofar makaranta. Mahaifiyata ta zo da dambu da soyayyen dankali, amma ban iya zama ba, idona na kan bishiyar mangwaron da ke kusa da ƙofa. A ƙarƙashinta mahaifin yarinyar ya zauna, dogo siriri da shuɗiyar riga, sandarsa a kan cinya. Ita tana durƙushe gabansa, akwatin na gefenta. Sun daɗe suna magana. Da la'asar ta yi ya miƙe, ita ma ta miƙe ta ɗora akwatin a ka, suka nufi ƙofa. Na ce a raina shi ke nan, na kore ta. Hawaye suka zubo mini, mahaifiyata na tambaya ko cikina ne.

A bakin ƙofa suka tsaya. Ya faɗa mata wani abu, ta amsa, ya sake faɗa, ta girgiza kai da akwatin da komai. Sai ya zaro kwalba daga jakarsa ya miƙa mata, ya saɓa sandarsa ya fita shi kaɗai.

Hanyar ɗaki ta gabanmu ta bi. Na miƙe tsaye ban san abin da zan ce ba. Ta tsaya, akwati a ka, sabuwar kwalbar man shanu a hannu.

"Kada ki ɗauka don ke na zauna," ta ce. "Ina shafi na tara. Rabin kalmomin babu su a ƙamus ɗina, sai babban na ɗakin karatu."

Zango biyu ta yi tana karanta shi. Kullum bayan aji tana ɗakin karatu, babban ƙamus a hagu, littafina a dama, tana bin layi da yatsa. 'Yan ɗaki sun yi mita sun gaji, wani littafin ya shigo suka manta. Shi ma ni na yanka, amma sunanta na fara rubutawa bayan na mai littafi. Ba mu zama ƙawaye ba, gaisuwa ce kawai tsakaninmu har muka gama makaranta tare.

Yanzu ni ma irin waɗannan labaran nake rubutawa, da Hausa, 'yan matana suna bincike a tsakanin duwatsun Jos, kuma masu girkina ba shayi kawai suke kawowa ba. Littafin nan kuwa ba ta dawo mini da shi ba, ni kuma ban taɓa samun fuskar tambaya ba. Mu talatin ne a ɗakin, ita kaɗai ta san wanda ya sace agogon.